Zawarcin 'yan ci-rani a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara manyan jami'o'in Amurka sai sun yi rububi a kan wasu samari ƙalilan 'yan shekara 17 zuwa 18, waɗanda kowa ya san ba digiri ne ya kawo su ba. Za su buga kakar wasa guda, daga Nuwamba zuwa Maris, su tattara nasu-ya-nasu su wuce NBA, babbar gasar ƙwararrun ƙwallon kwando ta Amurka. Ci-rani suka zo yi, don haka a nan 'yan ci-rani za mu kira su.

Yaron da ya isa buga NBA, me zai je yi a jami'a?

Doka ce ta tare masa hanya. A yarjejeniyar da hukumar NBA ta ƙulla da ƙungiyar 'yan wasanta a 2005 an gindaya sharuɗɗa biyu, suka fara aiki daga zaɓen sabbin 'yan wasa na 2006. Dole ɗan wasa ya cika shekara 19 a cikin shekarar da za a zaɓe shi, sannan in a Amurka ya yi sakandare, sai shekara guda ta wuce bayan ajinsu ya kammala. Dokar ko sunan jami'a ba ta ambata ba. Yaro yana iya zama gida ya yi ta atisaye, yana iya tafiya Turai. Amma gasar jami'o'i ce ake haskawa a talabijin kusan kowane dare cikin hunturu, can ne kuma masu farauto wa ƙungiyoyin NBA 'yan wasa suke tarewa, shi ya sa mafi yawansu can suke nufa.

Daga John Wall a 2010 zuwa Paolo Banchero a 2022, shekara 13 a jere, duk wanda aka fara kiran sunansa a zaɓen NBA shekara ɗaya ya yi a jami'a. Kyrie Irving ma wasa 11 kacal ya buga wa jami'ar Duke saboda rauni a yatsan ƙafa, kuma hakan bai hana ƙungiyar Cleveland ɗaukar sa a lamba ɗaya ba a 2011.

Ashe ba hukumar wasannin jami'o'i ce ta kafa dokar ba?

A'a. Wannan hukuma, wato NCAA, tana da laifuffukanta, kuma ba kaɗan ba ne, amma wannan ba nata ba ne. Kwamitin da ta kafa ƙarƙashin Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, a rahotonsa na Afrilun 2018, roƙon NBA ya yi da ta soke dokar.

To me NBA ta ƙaru da shi?

Ta samu shekara guda ta gwaji ba tare da ta kashe ko sisi ba. Kafin dokar, daga 1995 da Kevin Garnett ya tsallake jami'a, samari sun riƙa shiga NBA kai tsaye daga sakandare. Wasu sun zama zakaru: Kobe Bryant a 1996, Tracy McGrady a 1997, LeBron James a 2003, Dwight Howard a 2004. Wasu kuma abin bai yi musu kyau ba. Korleone Young, wanda Detroit ta ɗauka a 1998, wasa uku ya buga, shi ke nan. Kwame Brown, ɗan sakandare na farko da aka ɗauka a lamba ɗaya, a 2001, ya daɗe yana wasa amma bai taɓa kai inda aka sa masa rai ba.

Masu ƙungiyoyi sun gaji da zuba miliyoyin daloli a kan yaron da ba su taɓa ganin ya kara da manya ba. David Stern, shugaban NBA na lokacin, shekara 20 ya so a sa, aka daidaita a 19. Yanzu jami'a ce ke ciyar da yaron, ta horar da shi, ta gwada shi da tsarar 'yan shekara 22, ta kuma sa sunansa ya karaɗe ƙasa. Ranar da ya shiga NBA, akwai masu sayen rigarsa suna jira.

Ta yaya ake zawarcin, kuma yaushe ake farawa?

Wasan makarantar sakandare ba shi ne babban fage ba. Fagen shi ne gasannin lokacin hutun zafi na ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda kamfanonin takalma ke ɗaukar nauyi. Nike na da gasarta mai suna EYBL, wadda ake kammalawa a watan Yuli da Peach Jam a garin North Augusta na jihar South Carolina. Adidas da Under Armour kowa na da tasa. A waɗannan ranaku za ka ga kociyoyin da ke karɓar miliyoyin daloli a shekara sun jeru a kujerun gefen fili, kowa sanye da riga mai tambarin jami'arsa. Doka ta hana su yi wa yaro magana a wurin. Zaman kawai suke yi don ya ɗago kai ya ga wa ya zo kallonsa, kuma yaran suna lura da wanda babban koci ya zo da kansa da wanda mataimaki aka turo.

Kiran waya da saƙon tes kai tsaye suna halatta ne daga 15 ga Yuni bayan yaro ya gama shekararsa ta biyu a sakandare, wato saura masa shekara biyu. Kafin wannan rana magana ta kan bi ta hannun kocin ƙungiyarsa. Daga nan sai ziyara: jami'a ta biya kuɗin jirgi da masauki na yaron da iyayensa, a zagaya da su wurin atisaye da ɗakunan kwana, a sa masa rigar ƙungiya a ɗauki hotuna. Da can ziyara biyar kawai aka yarda yaro ya yi, amma a 2023 aka cire wannan iyaka. Jami'ar Kentucky ta fi son kawo baƙinta a daren buɗe atisaye na watan Oktoba, lokacin da filin Rupp Arena mai cin mutum sama da 20,000 ke cika maƙil alhali ba wasa ake yi ba.

Alkawarin baki ba ya ɗaure kowa, kuma yara suna warware shi a kai a kai. Sa hannu a takarda ana yin sa a Nuwamba ko kuma daga Afrilu. Manyan 'yan ci-rani da yawa sukan ja ƙafa har Afrilu da gangan, su ga wa ya tafi NBA, wa ya zauna, wane koci aka kora.

Wani abu kuma: da yawansu ba a makarantar unguwarsu suke gamawa ba. Makarantun kwana irin su Montverde da IMG a Florida, ko Oak Hill a Virginia, suna tara su wuri guda. Wasu kan haɗa darussan shekara biyu cikin ɗaya don su gama da wuri, kamar yadda Cooper Flagg ya yi, ya shiga Duke a 2024 yana ɗan shekara 17.

Wa ke raba taurarin da ake cewa wane yana da biyar?

Kafofin labaran wasanni ne, irin su 247Sports da Rivals da ESPN, waɗanda ke auna baiwar 'yan sakandare su ba su taurari, biyar ce ƙoli. Ba hukuma ba ce. Masu taurari biyar ba su cika wuce 25 zuwa 30 a aji guda ba a duk faɗin ƙasar, kuma yawancinsu ne ke cika gurabe 24 na wasan McDonald's na zaratan 'yan sakandare. A can saman jerin hasashen yana yawan dacewa. Da an sauko ƙasa da goman farko kuwa, sai a hankali.

Me koci yake faɗa wa yaron da ya san ba zai zauna ba?

Koci John Calipari ne ya fara faɗin gaskiyar a bainar jama'a, kuma da ita ya ci kasuwa. Da ya koma Kentucky a 2009, bai tsaya yi wa iyaye labarin ɗakin karatu ba. Abin da yake sayarwa shi ne: kawo ɗanka, zai yi atisaye kullum da waɗanda su ma NBA za su, bayan wata takwas in ya isa ni da kaina zan ce ya tafi. A zaɓen 2010 aka ɗauki 'yan wasansa biyar a zagayen farko, wato cikin 30 na farko: John Wall da DeMarcus Cousins da Patrick Patterson da Eric Bledsoe da Daniel Orton, huɗu daga cikinsu 'yan shekarar farko. A daren ya ce ba a taɓa yin rana mafi girma a tarihin ƙungiyar ba. Tsofaffin magoya bayan Kentucky, masu alfahari da kofuna bakwai a lokacin, ba su ji daɗin maganar ba. Amma ba da su yake ba. Da yaran da ke kallon talabijin a gida yake.

Mike Krzyzewski, tsohon kocin Duke, ya daɗe yana gina ƙungiya da 'yan shekara huɗu, daga baya shi ma ya bi sahu: Irving, Jabari Parker, Brandon Ingram, Jayson Tatum, Zion Williamson, Banchero. Nasa makamin daban ne. Shi ya jagoranci tawagar Amurka ta ci zinare a gasar Olamfik ta 2008 da 2012 da 2016, don haka yana iya ce wa yaro ya horar da LeBron da Kobe da Durant.

Tambayoyin iyaye da wakilai kuwa kusan iri ɗaya ne: minti nawa zai buga, a wane matsayi, ƙwallo za ta riƙa zama a hannunsa, wa kuma kuka ɗauko a wurinsa? Yanzu an ƙara ta biyar, wadda ta kan zo farko: nawa ne?

Gaskiya ne jami'a kan ɗauki ɗan'uwan yaro aiki don ta same shi?

Gaskiya ne, kuma in aikin koci ne na sosai bai saɓa doka ba. Missouri ta ɗauki mahaifin Michael Porter Jr. mataimakin koci a 2017, ɗan ya biyo. USC ta ɗauki mahaifin Evan Mobley a 2018. Oklahoma State ta ɗauki yayan Cade Cunningham a 2019. Dabarar ta tsufa: Kansas ta yi ta da mahaifin Danny Manning tun 1983. Ba kullum take biya ba. Porter wasa uku ya buga wa Missouri saboda tiyatar baya.

Wannan tsari yana ciyo kofi kuwa?

Ba kamar yadda ake zato ba. Daga 2006 zuwa 2025, ƙungiyoyi biyu ne kawai suka ɗauki kofin ƙasa da 'yan ci-rani a matsayin ginshiƙi. Ta farko Kentucky ta 2012, wadda ta ci wasa 38 ta faɗi biyu, da Anthony Davis da Michael Kidd-Gilchrist da Marquis Teague. Ko ita ɗin, akwai Darius Miller ɗan shekarar ƙarshe da Terrence Jones da Doron Lamb 'yan shekara ta biyu suna riƙe da ita. Ta biyu Duke ta 2015, da Jahlil Okafor da Justise Winslow da Tyus Jones, da kyaftin Quinn Cook ɗan shekarar ƙarshe. Sun doke Wisconsin 68 da 63, bayan Wisconsin ɗin ta fitar da Kentucky mai nasara 38 a jere ba faɗuwa. Bayan wasan ƙarshe, kocin Wisconsin Bo Ryan ya yi habaicin cewa su ba sa ɗauko 'yan wasan haya.

Jerin waɗanda ta leƙo musu ta koma ya fi tsawo. Duke ta 2019, mai Zion da RJ Barrett da Cam Reddish, dukkansu cikin goman farko na zaɓen shekarar, ta faɗi da maki ɗaya a hannun Michigan State kafin ta kai zagayen huɗun ƙarshe. Duke ta 2025 mai Flagg ta kai huɗun ƙarshe, tana gaba har mintin ƙarshe, 'yan Houston da suka fi su shekaru suka ƙwace wasan 70 da 67. Wasu ko gasar ba su shiga ba: LSU ta Ben Simmons a 2016, Washington ta Markelle Fultz a 2017 da ta ci wasa tara ta faɗi 22, Rutgers ta 2025 mai Dylan Harper da Ace Bailey, lamba biyu da lamba biyar a zaɓe.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A gasar kofin ƙasa ta watan Maris, faɗuwa ɗaya ke kora mutum gida. Samarin da wata biyar kenan da sanin juna, komai baiwarsu, sukan rikice in abokan karawa suka rufe musu hanya. Kentucky ta ɗanɗana wannan a hannun Saint Peter's a 2022, sannan a hannun Oakland a 2024, inda Jack Gohlke, ɗan shekara 24 da ya fito daga ƙaramin rukuni, ya jefa masu maki uku har goma. A ɓangaren Kentucky kuwa akwai Reed Sheppard da Rob Dillingham, waɗanda bayan wata uku aka ɗauka a lamba uku da lamba takwas. Ba a yi wata guda ba Calipari ya koma Arkansas.

Waɗanda suka riƙa cin kofin, irin su Villanova a 2016 da 2018, Virginia a 2019, Baylor a 2021, Kansas a 2022, Florida a 2025, da gogaggu suka ci. Abin da ya fi aiki shi ne a saka ɗan ci-rani guda cikin manya, yadda UConn ta yi da Stephon Castle a 2024.

In haka ne, me ya sa ba a daina ba?

Saboda kofi ɗaya ne, jami'o'in babban rukuni kuwa sun haura 350. Koci yana buƙatar cin wasanni a Janairu da Fabrairu, ya cika fili, ya sa tashoshin talabijin su nemi wasansa, kuma yaro irin Zion yana kawo duk wannan. Sannan kowane tsohon ɗalibi da ya yi suna a NBA talla ne ga ajin da ke tafe. Kentucky tana nuna hotunan Davis da Karl-Anthony Towns da Devin Booker da Bam Adebayo da Shai Gilgeous-Alexander. Akwai kuma tsoro: in ba ka ɗauke shi ba, abokin hamayyarka zai ɗauka.

Suna karatu kuwa?

Zangon farko dole ne. Ɗan wasa sai ya yi rajistar darussa na awa 12 a mako, ya kuma ci aƙalla shida, kafin a bar shi ya buga a zango na biyu. Zango na biyu kuwa sakamakonsa ba ya fitowa sai an gama gasa. Ben Simmons ya faɗi ƙarara cewa bai ga amfanin shiga aji ba bayan zangon farko, kuma makinsa ya hana shi shiga takarar kyautar Wooden ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2016.

Abin da ke sa jami'o'i su matsa wa yaran su ƙarasa shekarar shi ne ma'aunin ci gaban karatu na NCAA. Wanda ya tafi NBA makinsa na da kyau ba ya jawo wa ƙungiya asara. Wanda ya watsar da darussa ya tafi yana rage mata maki, kuma in suka yi ƙasa da 930 ana iya hana ta shiga gasa, kamar yadda aka hana UConn a 2013.

Ana ba da kuɗi a ɓoye?

An yi ta bayarwa. A Satumban 2017 hukumar FBI ta kama mataimakan kociyoyi huɗu, daga Arizona da Auburn da Oklahoma State da USC, tare da wani babban jami'in Adidas da wasu dillalai. Cikin zarge-zargen har da shirin biyan iyalin wani yaro dala 100,000 don ya je Louisville, abin da ya ci kujerar koci Rick Pitino. Lissafin dillalan mai sauƙi ne: ka kashe dubbai a kan yaro yau, bayan shekara guda ya sa hannu da kamfaninka ko ya ɗauke ka wakili.

Hukuncin NCAA ma yakan faɗa kan yaran. An goge wa Memphis nasarori 38 na kakar 2008 saboda matsalar jarrabawar shiga jami'a ta Derrick Rose. An dakatar da James Wiseman wasa 12 a 2019 saboda dala 11,500 da Penny Hardaway ya ba mahaifiyarsa na kuɗin ƙaura tun kafin ya zama kocin Memphis. Wiseman ya bar makarantar bayan wasa uku, aka kuma ɗauke shi a lamba biyu.

Me ya canza da aka halatta biyan 'yan wasa?

Kusan komai. Daga 1 ga Yulin 2021 ɗan wasan jami'a yana iya karɓar kuɗi a kan sunansa da hotonsa, abin da ake kira NIL. Nan da nan attajiran magoya baya suka kafa asusai suna biyan 'yan wasa da sunan talla. A Yunin 2025 wata alƙaliya a California ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a raba tsakanin dukkan wasanni. Abin da aka kama mutane a kansa a 2017, yanzu a ofis ake tattauna shi da lauya.

Wannan ya karya babakeren manyan gidaje. AJ Dybantsa, na ɗaya a ajin 2025, BYU ya zaɓa a Disamban 2024, ba Duke ko Kentucky ko Kansas ba. Ya kuma sa na tsakiya sun daina gaggawa. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, zagaye biyu ake yi, kuma 'yan zagayen farko ne kawai ke da tabbacin albashin shekara biyu. Wanda ake hasashen zai faɗa zagaye na biyu yanzu yana iya samun abin da ya fi haka a jami'a. A 2021 sama da mutum 300 ne suka shiga zaɓe kafin lokacinsu. A 2025 sun koma 106.

Ga kuma sauya sheƙa. Tun 2021 ɗan wasa yana iya komawa wata jami'a ya fara bugawa nan take. Koci da ke da kuɗi a hannu yanzu sai ya auna: ɗan shekara 18 mai baiwa da bai san komai ba tukuna, ko ɗan shekara 22 da ya buga wasa ɗari? Ga yara biyar ko goma na can sama, har yanzu amsar ita ce a ɗauki yaron. Ga sauran masu taurari huɗu, kasuwarsu ta faɗi.

Babu wata hanya sai jami'a?

Akwai, amma ta ƙuntata. Brandon Jennings ya tafi Italiya a 2008, Emmanuel Mudiay ya tafi Sin a 2014, LaMelo Ball ya tafi Ostareliya a 2019. NBA da kanta ta kafa ƙungiyar G League Ignite a 2020 tana biyan yara albashi, ta fitar da Jalen Green da Jonathan Kuminga da Scoot Henderson, amma ta rufe ta a 2024 da jami'o'i suka fara biya. Tagwayen nan Amen da Ausar Thompson ta gasar Overtime Elite ta Atlanta suka bi, aka ɗauke su a lamba huɗu da biyar a 2023. Yanzu ma ruwan ya juya: samarin Turai ne ke barin manyan ƙungiyoyi suna zuwa, kamar Egor Demin daga Real Madrid zuwa BYU da Kasparas Jakucionis daga Barcelona zuwa Illinois a 2024.

In yaro ya shiga zaɓe ya ga ba zai samu ba fa?

Yana iya janyewa. Ana taron gwaji a Chicago a watan Mayu, ƙungiyoyi su auna tsawo da tsalle su yi hira da shi, kuma yana da kwana goma bayan taron ya koma makaranta. In ya wuce wa'adin, shi ke nan.

Ina 'yan Afirka a cikin wannan harka?

Suna tsakiyarta. Joel Embiid na Kamaru bai fara ƙwallon kwando ba sai yana kusan shekara 15. Luc Mbah a Moute, ɗan Kamaru mai buga NBA a lokacin, ya gan shi a wani sansanin horo, Embiid ya tafi Florida, ya yi shekara ɗaya a Kansas, aka ɗauke shi a lamba uku a 2014 duk da rauni. Precious Achiuwa, haifaffen Fatakwal, shekara ɗaya ya yi a Memphis, Miami ta ɗauke shi a lamba 20 a 2020. A wannan zaɓen Isaac Okoro da Onyeka Okongwu da Zeke Nnaji, dukkansu 'yan asalin Najeriya haifaffun Amurka, su ma shekara ɗaya-ɗaya suka yi. Khaman Maluach na Sudan ta Kudu, wanda ya tashi a Yuganda, ya bi ta makarantar horon NBA da ke Saly a Senegal, ya yi shekara ɗaya a Duke, ya fita a lamba goma a 2025.

Sai dai a kula da ɗaya gefen. Charles Bassey daga Legas ya shiga Western Kentucky a 2018 da taurari biyar, kowa na cewa shekara ɗaya zai yi. Ya karye a shekara ta biyu, ya yi uku, aka ɗauke shi a lamba 53. Udoka Azubuike ya yi shekara huɗu cur a Kansas kafin ya samu lamba 27. Rueben Chinyelu, ɗan Najeriya, bai yi gaggawa ba, ya koma Florida a shekararsa ta biyu ya ci kofin ƙasa a 2025. Masai Ujiri kuma, wanda ya tashi a Zariya, ta ƙaramar kwalejin shekara biyu a North Dakota ya bi, bai taɓa buga NBA ba, amma a matsayin shugaban ƙungiya shi ya gina Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa ta Giants of Africa tana shirya sansanonin horo tun 2003.

Yaro daga nan, in yana da tsawo da baiwa, me ya kamata iyayensa su sani?

Takardu sun fi kayar da yaran Afirka fiye da fili. NCAA tana da ofishin tantancewa da ke duba darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3, kuma tana son ganin sakamakon kowace shekara, ba takardar jarrabawar ƙarshe kaɗai ba. Cheick Diallo na Mali ya rasa wasannin farkon kakar 2015 a Kansas yana jiran a gama binciken karatunsa. Ranar haihuwa ta zama ɗaya a kowace takarda. Kuɗin da yaro ya taɓa karɓa daga ƙungiya ma ana tambaya.

Bizar ɗalibi tana taƙaita aikin kuɗi a cikin Amurka, don haka NIL ba ya zuwa wa baƙo da sauƙi. Oscar Tshiebwe na Kwango sai da Kentucky ta je Bahamas a 2022 ya samu ya yi tallace-tallacensa. Dokokin bizar kansu sun tsananta ga ƙasashen Afirka da dama tun 2025: ranar da Duke ta kara da Houston aka sanar da soke bizar masu fasfon Sudan ta Kudu, Maluach yana shirin shiga fili.

Jami'a ta gaskiya ba ta karɓar kuɗi don ta ba yaro gurbi. Duk wanda ya ce a biya shi ya kai ɗanku Amurka, a tambaye shi sunan makarantar, a kira makarantar kai tsaye, a san wa zai riƙe yaron da fasfonsa. Jaridun can sun sha ba da labarin samarin Afirka da aka jibge a gida ɗaya ba abinci ba karatu. Kuma ko cikin 'yan wasan jami'o'in Amurka, kusan ɗaya cikin ɗari ne NBA ke zaɓa. Ga mafi yawan yara, digirin kyauta shi ne ribar tafiyar.

Za a soke dokar shekara 19?

An kusa, sai aka fasa. Adam Silver, wanda ya gaji Stern a 2014, ya sha nuna yana son a koma 18. Amma da aka ƙulla sabuwar yarjejeniya a 2023 ba a taɓa dokar ba. Masu ƙungiyoyi ba su ƙi shekarar gwajin da suke samu kyauta ba. Ƙungiyar 'yan wasa kuma ta waɗanda suka riga suka shiga ce, kuma kowane ɗan shekara 18 da ya shigo gurbin wani tsoho zai ɗauka. Ga shi yaran da ake cewa an tauye su yanzu suna karɓar miliyoyi a jami'a, don haka masu ƙorafin sun ragu. Yarjejeniyar za ta kai kakar 2029 zuwa 2030, kodayake kowane ɓangare yana da damar ficewa shekara guda kafin nan.